Ginin ƙasa ne zai ba talakan Katsina gida? Muhawarar 'yan gida ɗaya

Bayan sallar isha'i Auta ya jefa magana a zauren WhatsApp na zuri'ar gidanmu na Rafin Daɗi, aka kwana ana yi.

Auta: Ni dai na gama lissafi. A 2024 buhun siminti ya haye naira 10,000, mafi ƙarancin albashi kuma 70,000. Buhu bakwai ke nan, ba ci ba sha. Talaka ba zai yi gida a Katsina ba sai an koma ginin ƙasa. Ga hasumiyar Gobarau nan tsaye shekaru aru-aru.

Anti: Kai da aka haifa bayan an yi wa gidan kwano? Mu muka san daren Agusta, soro na yoyo, Inna na jera kwanuka a tsakar ɗaki, mu kuma an takure mu a kusurwa da tabarma a ka. Allah Ya raba mu da komawa.

Kawu: Ku bari wanda ya ci abinci da sana'ar ya ce wani abu. Auta, Gobarau tana tsaye ne domin ana bin ta da gyara. Ginin ƙasa kamar doki yake, sayensa ba wuya, kiwonsa ne aiki. A haƙo jar ƙasa, a cuɗe da ciyawa, a bar ta ta kwana ta kwana, a mulmula tubali, a shanya, sannan a fara jeri. Rufi sai azara, kuma giginyar da ake faskarawa ta yi nisa da mu. Makubar shafen bango sai ɓawon ɗorawa. Duk shekara kafin ruwan fari a hau a yi yaɓe, a buɗe indararo. Da can gayya ake yi, a dafa tuwo, samari su taru. Yau wa zai hau maka soro ba kuɗi? Abu ɗaya na yarda da shi: a watan Afrilu ɗakin ƙasa ya fi ɗakin bulo daɗin barci nesa ba kusa ba.

Yaya Babba: Kawu, a gafarce ni, duk kun bar jaki kuna dukan taiki. A kan me za a ɗora tubalin? Fili ne matsalar. Tun da aka yi jihar a 1987 garin ya tsallake ganuwa, ya wuce Ƙofar Ƙaura da Ƙofar Ƙwaya, yanzu gonaki ake yankawa awon igiya ta hanyar Dutsinma da ta Daura. Masu kuɗi na sayen fuloti biyar, goma, su zagaye su ajiye suna jiran ya yi tsada. Ga 'yan uwanmu na Batsari da Jibiya da Safana da rashin tsaro ya koro, kowa na neman ko ɗaki ɗaya ne. Dokar filaye ta 1978 ta damƙa filin birni a hannun gwamna amana. To a yanka ƙananan fulotai, a fitar da layi da magudanar ruwa, a ba mutane takarda.

Amarya: Yaya, mu da muka fita bayan garin mu muka san arhar. Filin ya zo da sauƙi, gaskiya. Amma famfo bai iso layinmu ba, kullum sai mai garuwa. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, kuɗin Napep na kai yara makaranta da zuwa aikina ya kusa kamo hayar da muka gudo wa. Da damina kuwa mai Napep ɗin ma a bakin titi yake sauke mu.

Auta: Ni fa ba soron Inna nake nufi ba. Ku duba Francis Kéré na Burkina Faso. A 2001 ya gina makarantar firamare a ƙauyensu Gando da bulon ƙasa da aka matse, an ɗan surka siminti, ya ɗaga rufin kwano sama ya zarce bango, ruwa ba ya dukan ginin, iska na ratsawa. A 2022 aka ba shi kyautar Pritzker, babu wadda ta fi ta a zanen gini. Ƙasarsu da tamu rana ɗaya ce ke dukanmu.

Kawu: To yanzu ka yi magana. Harsashi na dutse, kwano mai baki, wannan zai daɗe. Sai dai ƙasar daga ina? Kowane tsohon gida a birni da kududdufinsa, nan aka ɗebo shi, nan ruwan unguwa ke taruwa. An cike su an yi gini a kai, shi ya sa ruwa ke shigo mana zaure. Yanzu tifa za ka yi haya, ita kuma gas take sha.

Yaya Babba: Ko asusun gidaje na 1992 da ake cire wa ma'aikaci kashi 2.5 na albashi, bashinsa sai da takardar mallaka. Tela da mai shayi ina suka ga wannan?

Anti: Ga kuɗin ruwa kashi 6 a kai. Malam ba zai ma saurare ka ba.

Kawu: A daina musu a baki. Ɗakin baya da ya zube bara yana nan. Auta ya nemo injin matse bulon, ni zan ja igiya kyauta, mu ga damina biyu.

Auta: Na yarda, Kawu. Yaya ya sayi kwano.

Yaya Babba: Wa ya ce?

Anti: Kafin kwano, Auta, ka fara sanar da surukanka cewa ɗakin ƙasa za a kai 'yarsu. Idan masu jere sun yarda su kafa gado a ciki, ni zan sayi bandir ɗaya.