Na'urar gano motsi mai intakom ta hana ni barci, a taimaka min da shawara

Uwar Biyu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu ilimin kayan lantarki ku zo ku cece ni, kwana biyar ke nan rabona da barcin kirki.

Mahaifinmu shekaru sun ja, mantuwa ta fara damunsa, har ta kai yakan tashi cikin dare ya buɗe ƙofa ya kama hanya. Ɗakinsa na can ƙarshen gida, tsakaninsa da nawa bango uku. Shi ya sa na sayo na'urar nan marar waya mai gano motsi. A cikin kwalin akwai sensa mai aiki da batir, da akwatin ƙararrawa wanda na jona a soket kusa da gadona, da intakom guda biyu, ɗaya wurina ɗaya wurinsa, don in ya fito in tsayar da shi da baki kafin in iso.

Sensar na kafe ta a waje, can saman ƙofarsa dab da rufi, tana kallon hanyar da ta miƙe zuwa get. Shekaranjiya sau bakwai tana tashina, in fito da tocila ba kowa sai iska. Jiya kuwa da ake buƙatarta sai ta yi gum. Allah ne ya farkar da ni wajen ƙarfe uku, na tarar da Baba a bakin get da takalmi ƙafa ɗaya, yana ta kokawa da sakata. Intakom ɗin ma in na yi magana rabi ke zuwa, shi kuma ko sau ɗaya bai taɓa amsawa ba. Jabu aka sayar min, ko ni ce ban iya sa ta ba?

Malam Mai Wayarin:
Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya ba Baba lafiya, ke kuma ya saka miki. Kafin ki ɗora wa na'urar laifi, ki fara sauko da ita daga inda take.

Irin wannan sensa, wadda ake kira PIR, ba gani take yi kamar kyamara ba. Ɗumin jiki take ji. Farar robar nan da ke fuskarta, mai zane kamar saƙar zuma, ta yanka filin da ke gabanta gida-gida ne. Sai abu mai ɗumi ya fita daga wani gida ya shiga wani sannan take kaɗawa. Wanda ya gitta ta gabanta daga hagu zuwa dama, nan take za ta kama shi. Amma wanda ya ba ta baya ya miƙe, ko ya tunkaro ta kai tsaye, yana iya daɗewa a gida ɗaya ba ta ji komai ba, balle dattijo mai jan ƙafa a hankali. Ƙari a kan haka, ƙarƙashinta daidai akwai wurin da ba ta kamawa sam, kuma ta nan Baba yake fitowa.

Ki mayar da ita bangon gefe, kamar mita 1 daga ƙasa, taku biyu ko uku daga ƙofarsa, ta yadda dole sai ya ratsa ta gabanta. In kin sa batir ki ba ta kamar minti ɗaya ta daidaita kafin ki gwada. Kuma kada ki gwada da ɗaga mata hannu, wannan ko lalatacciya ma za ta amsa. Ki taka irin takunsa, sannu-sannu, da dare, sau goma, wani yana ɗakinki yana ƙirga sau nawa ta kaɗa. In ta tsallake ko ɗaya, a juya fuskarta kaɗan a sake.

Baban Yara:
Kukan banzan nan na san shi. Akwai bishiya ko igiyar shanya a inda take kallo? Tawa wata biyu tana raina min hankali, ashe gizo-gizo ne ya yi saƙa a kan fuskarta, tsaka na zuwa farauta. Duk abin da ya hau kan robar, komai ƙanƙantarsa, ita a wurinta ƙato ne. Ki duba kuma ko akwai kyanwa, ko iskar zafi daga bayan na'urar sanyaya ɗaki ko janareta.

Uwar Biyu:
Baban Yara kamar ka zo gidan. Akwai bishiya a gefen hanyar, rassanta sun sauko, kuma kyanwar maƙwabta nan ce hanyarta.

Malam Mai Wayarin:
To kin ga ɓarayin barcinki. Ki yanko baƙin salatif na wayarin ki rufe gefen robar da ke kallon bishiyar, wannan ɓangaren ya makance ke nan. Don kyanwa kuma ki rufe layin ƙasa na robar, ko ki ɗan ɗaga fuskarta sama yadda ba za ta riƙa lasar ƙasa ba. In akwai maɓallin ƙarfin ji a ciki, ki sa shi a tsakiya. Bayan kowane gyara ki maimaita gwajin takun nan, kada garin korar kyanwa ki kori Baba.

Ɗan Auta:
Anti ni a ganina ki huta da duk wannan, ki sa ta cikin ɗaki a bayan gilashin taga tana leƙen waje. Ba ruwan sama, ba ƙura, ba tsaka. Ko kuma ki mayar ki sayi kyamara kawai.

Injiniyan Rediyo:
Ɗan Auta, wannan shawarar taka za ta kwantar da Hajiya barci mai daɗi, Baba kuma ya yi ta tafiyarsa. Ɗumin jikin mutum da sensar ke ji ba ya ratsa gilashin taga, bayan gilashi makauniya ce. Kyamara kuma tana da amfaninta, amma mai barci ba ya kallon allo, ga shi yawancinsu sai da intanet suke turo sanarwa.

Hajiya, ni kan maganar intakom zan tsaya. Nisan da ake rubutawa a kwali na fili ne fetal, inda ba komai tsakani. Yawancin irin waɗannan sensoshi ta siginar rediyo ta 433 MHz suke aika saƙo zuwa akwatin ƙararrawa, kuma kowane bango yana cin rabonsa. Bangon kankare mai rodi ya fi ci, ƙofar ƙarfe da kwanon rufi kuwa kusan tare hanyar suke yi gaba ɗaya. Kin ce kin manna sensar dab da rufi, to in kwano ne, yana iya yiwuwa ta ji Baba jiya, saƙon ne bai iso miki ba. Ki ɗaga akwatin ƙararrawar daga ƙasan gado zuwa wuri mai tsayi, kusa da taga ta ɓangaren ɗakinsa, nesa da talabijin da firiji. Wani lokaci matsawar taku ɗaya ke raba gardama.

Batir ɗin da ya zo cikin kwali kada ki dogara da shi. Ki sa sabon batir irin wanda aka rubuta wa alkaline, duka iri ɗaya, kada a gauraya tsoho da sabo. Batir in ya yi sanyi shi ma yana jawo kukan banza da gajeren zango. Sannan tambaya mai muhimmanci: akwatin naki yana da gurbin batir? In soket kaɗai yake ci, duk daren da aka ɗauke wuta ba ki da mai gadi.

Rabin maganar da ke ɓacewa kuma, ina zargin kina fara magana ne tare da danna maɓalli. Ki danna, ki ƙirga ɗaya a zuci, ki yi magana, ki gama, sannan ki saki. Yawancinsu bi da bi ne, muddin yatsanki na kai ba za ki ji ɗaya ɓangaren ba. Kuma ki sani irin wannan intakom ba sirri gare shi ba, mai irinsa a kusa in tasharku ta zo ɗaya zai iya jin ku. Kada a riƙa faɗin ba kowa a gida ta cikinsa.

Anti Nas:
'Yar uwa, maza sun gama da ƙarfe da waya, bari in yi miki maganar Baba. Na yi jinyar mahaifiyata shekara uku a irin wannan hali. Kada ki jira ya amsa. Mutumin da mantuwa ta kama ba zai riƙe cewa sai ya danna wani abu kafin ya yi magana ba, ko kin koya masa da rana, dare na yi ta goge. Ki duba takardar na'urar ko tana da tsarin da murya kaɗai ke buɗe ta, ko wanda ke ba ki damar saurare daga ɓangarenki. In babu, ki ɗauka ke kaɗai ce mai magana.

Sai kuma yadda za ki yi maganar. Ranar farko da na gwada da Mama, cikin duhu murya ta fito daga bango tana cewa ta koma ciki. Na same ta a rakuɓe bayan ƙofa, jikinta na ɓari, ta rantse wani ne ya shigo. Tun daga ranar na canza. Na rage ƙarar, na sa ƙaramar fitila mai kwana a kunne kusa da intakom ɗin, kuma kullum da sunan da nake kiranta nake farawa: Mama, ni ce, tsaya ga ni nan zuwa. Ban da tsawa, ban da ina za ki. Kina faɗa kina tafiya, domin daƙiƙoƙi kawai yake saya miki.

Ƙararrawar kuma ta tsaya ɗakinki, kada ta yi kuka a nasa. In kina da hali ki ƙara 'yar sensar maganaɗisu a jikin ƙofarsa, wadda ke kaɗawa da an buɗe. Ita ba ruwanta da kyanwa ko zafin gari.

Malam Mai Wayarin:
Anti Nas ta tuna min. Lokacin tsananin zafi, in bango da ƙasa suka ɗauki ɗumi kusa da na jikin mutum, wato wajen digiri 37, PIR takan yi nauyin ji. Ta ƙofar ita ce za ta rufe wannan giɓin. Akwatuna da yawa suna karɓar sensa fiye da ɗaya, kowace da irin kukanta.

Uwar Biyu:
Na dawo da rahoto. Na sauko da ita bangon gefe, na rufe ɓangaren bishiya, na sa sabon batir, akwatin kuma yana kan taga. Ni da ƙanena muka yi gwajin, goma cikin goma. Daren jiya sau biyu ta kaɗa: ɗaya kyanwa, ɗaya Baba. Na yi yadda Anti Nas ta ce, na same shi tsaye yana kallon intakom ɗin, wai me nake yi a cikin rediyo da tsakar dare.

Injiniya, na juya akwatin na duba, ba gurbin batir, soket kaɗai. Ƙaramin UPS, na'urar nan mai ajiye wuta irin ta kwamfuta, zai riƙe shi har safe, ko in nemi wani akwatin daban?