Tauraron Bama ba suna: in saya ko in haƙura?

MaiTsohonƘarfe: Assalamu alaikum. Wani dillali ya tallata mini lambobin yabo uku na Birtaniya na yaƙin duniya na biyu: tauraron 1939-45, tauraron Bama (ƙasar Burma, wato Myanmar ta yau), da farar lambar yaƙi. Ba suna a jikin ko ɗaya. Sai dai akwai takardar sallama tare da su, ta wani kofur na runduna ta 82 ta Afirka ta Yamma, amma ruwa ya cinye rabin lambarsa ta soja. Fam 150 yake so, kuma ya ba ni kwana uku. Takardar nan ta isa shaida cewa lambobin na kofur ɗin ne?

SajeRitaya: Wa alaikumus salam. Yaro, juya gefen lambar, sunansa da bataliyarsa suna nan.

MaiTsohonƘarfe: Baba, ai na ce ba komai a jiki.

MalamaTarihi: Baba Saje, na yaƙin duniya na farko ne ake buga wa suna. A na biyu Birtaniya haka ta raba su fayau, su Ostireliya da Afirka ta Kudu ne suka sa wa nasu suna. To rashin sunan ba laifi ba ne. Matsalar ita ce kowa na iya tsinto lambobi uku ya ɗora kan tsohuwar takarda.

ƊanGwanjo: 150? An gan ka ne. Tauraron Bama fam 20 na sayi nawa.

Kyaftin44: Naka jabu ne ke nan. Ni sai da na ba da 60, kuma na ga an yi mini sauƙi.

BabanYara: Ku bar maganar kuɗi, ku ji abin da ya same ni. Na sayi lambar nasara ta yaƙin farko, da suna raɗau a gefenta. Shekara biyu ina bin tarihin mai sunan nan. Na biya aka ba ni katin lambobinsa daga ma'adanar tarihi ta Kew da ke Landan, na nemi fayil ɗinsa aka ce yana cikin waɗanda suka ƙone da Jamus ta jefa wa Landan bam a 1940. Har na saba da shi kamar kakana. Ranar nan na nuna wa wani dattijo da ya daɗe a harkar. Bai ce uffan ba, ya ɗauko madubin ƙara girma, ya karkata ta wajen taga. Sai ga sawun magagari a ƙarƙashin haruffan, gefen ma ya fi siriri daidai wurin sunan. Ashe an kankare sunan asali an sassaƙa wani, alhali na gaske bugawa ake yi. Na kira wanda ya sayar mini, wai shi ma haka ya same ta. Daga nan ya daina ɗauka. Sojan da na bi na gaske ne, lambar ma ta gaske ce, amma ba su taɓa haɗuwa ba. Wanda aka goge ɗin ne ke hana ni barci.

SajeRitaya: Allah ya mayar maka da alheri.

ƊanGwanjo: Ni uwargida ce ta gama da ni. Na dawo na tarar ta goge lambobina duka da man goge ƙarfe na Brasso, suna ƙyalli kamar sabon faranti, tana jiran in yi godiya.

Kyaftin44: Malama, da girmamawa, kin taɓa riƙe ta gaske a hannu? Shekara 15 ina tarawa. Nauyi kaɗai ya ishe ni.

MalamaTarihi: Yallaɓai, nauyi zai gaya maka ƙarfen, ba zai gaya maka ƙirjin da aka maƙala shi ba. Tambayarsa ke nan. Ɗan'uwa, ka duba ko takardar ta ambaci lambobin da aka ba shi, ka kuma duba kwanakin. Tauraron Bama na wanda ya yi aiki can ne tsakanin 11 ga Disamba 1941 da 2 ga Satumba 1945. Runduna ta 82 a yankin Arakan na Bama ta yi yaƙi, tana cikin waɗanda suka karɓe garin Myohaung a Janairun 1945.

SajeRitaya: Kyaftin, wai a wace bataliya ka yi kyaftin ɗin?

Kyaftin44: Sunan wasa ne, Baba.

BabanYara: Mu da ke kukan suna ɗaya ma da sauƙi. A 2021 hukumar kula da kaburburan yaƙi ta Commonwealth da bakinta ta amsa cewa aƙalla mutum 116,000 da suka mutu a yaƙin farko, yawancinsu 'yan Afirka, ba a rubuta sunansu ba. Ta ce adadin na iya kaiwa 350,000. Turawa kuwa an rubuta sunansu, ko a dutsen kabari ko a bangon tunawa.

MalamaTarihi: Yawanci 'yan dako ne, masu ɗaukar kaya a ka a yaƙin Gabashin Afirka. Su ta ina ma za ka fara nema?

MaiTsohonƘarfe: Na gode. Na sake dubawa, layin lambobin ma ruwan ya taɓa shi. Dillalin ya sauko 120, saura gobe. In saya?

ƊanGwanjo: Tsaya tukuna, akwai abin da ke mayar da ƙarfe yadda yake bayan Brasso?