Tsohon katin LAN ya ƙi hawa bayan na sa Windows 10, dan Allah a taimaka

Mai_Shago_Pantami:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da ɗan wurin koyar da kwamfuta a nan Pantami cikin Gombe, destop takwas ne duka tokumbo, Core 2 Duo, na haɗa su da waya zuwa suwic ɗaya shi kuma ya tafi rauta. Daminar bara tsawa ta faɗo kusa da mu ta ƙona wurin sa wayar LAN, wato wayar netwok, na jikin madabod a guda uku, sai wani mai gyara ya zaro tsofaffin kati uku daga kwalin tarkacensa ya sossoka musu, irin masu shiga farin ramin nan dogo da ake kira PCI, kuma wallahi lafiya lau suka yi ta aiki a Windows 7 ban taɓa ko waiwayarsu ba. To satin nan na ce bari in yi fomatin duka in sa Windows 10 tunda Chrome ya daina sabuntawa a kan 7, ɗalibai sai ƙorafi suke wasu shafuka ba sa buɗewa. Biyar ɗin da LAN na jikinsu yake da rai sun hau, ɗaya cikin masu katin ma ta hau da kanta, biyun kuwa shiru, a Device Manager sai Ethernet Controller da alamar nan rawaya. Abin haushin shi ne direba, wato manhajar da ke sa Windows ya gane katin, yana intanet, intanet ɗin kuma sai da direba. CD babu, kwali babu. In jefar da katin ne ko akwai dabara? Litinin sabon aji zai fara.

Dan_Bolari:
Wa alaikumus salam. Oga kada ka wahalar da kanka, katin da ya girmi wasu ɗalibanka me za ka yi da shi? Ka shiga kasuwa ka sayo USB LAN, ɗan abin nan da ake sokawa a ramin USB ya zama wurin sa wayar LAN, guda biyu ka soka, an wuce wurin.

Injiniyan_Tumfure:
Wa alaikumus salam Malam. Kada ka jefar tukuna. Katin da ya yi aiki shekaranjiya a Windows 7 bai mutu jiya ba don kawai an yi fomatin, mai yi masa tafinta ne babu.

Abu na farko ka manta da sunan da ke manne a jikin katin. Kwamfuta ba ruwanta da sitika, ƙaramin cip ɗin nan baƙi da ke tsakiyar katin shi take tambaya. Misali D-Link suna da DFE-530TX da kuma DFE-530TX+, alamar tarawa ɗaya ce kawai ta raba sunan, amma na farkon cip ɗin VIA ne a ciki na biyun kuma Realtek, direbobinsu ko kusa ba su haɗa hanya ba. Na ga mutane sun kwana suna daunlodin da suna kawai suna zagin katin a banza.

Ga abin da za ka yi, ba ya buƙatar intanet. Ka danna dama a kan Ethernet Controller ɗin, Properties, Details, ka zaɓi Hardware Ids. Za ka ga layi ya fara da PCI\VEN_ sai lambobi huɗu, sannan DEV_ da wasu huɗu. Na farkon shi ne kamfanin cip, na biyun samfurinsa. 10EC Realtek ne, 8086 Intel, 14E4 Broadcom, 1106 VIA, 10B7 kuma 3Com. Ka kwafo mana na duka ukun har da wadda ta hau. Ka duba General ma ka gaya mana lambar matsalar, in Code 28 ne direba ne kawai babu, in Code 10 ne kam to ko direban da ya hau ba nasa ba ne ko katin da kansa ya ji jiki.

Tambaya biyu kuma. 32-bit ka sa ko 64-bit? Sannan Windows ɗin na asali ne ko irin wanda ake yawo da shi a filash ana cewa lite? Don masu rage masa nauyin nan tsofaffin direbobi suke fara zubarwa.

Mai_Shago_Pantami:
Allah ya saka da alheri Injiniya. Wadda ta hau VEN_10EC DEV_8139. Ta biyu VEN_1106 DEV_3065, ta uku VEN_10B7 DEV_9200, duka biyun Code 28. 64-bit na sa, na 7 ɗin da na cire 32 ne. Windows ɗin kuma gaskiya a filash ɗin wani abokina na samu, ban tambaye shi asalinsa ba. RAM 2GB ne kowacce.

Injiniyan_Tumfure:
Yawwa, ai ga zancen ya fito. Ta farkon RTL8139 ce, ita wannan kamar Bajaj take a titi, duk inda ka shiga an santa, shi ya sa ta hau ba gardama. Ta biyu VIA Rhine II, ta uku 3Com 3C905C. Duka ukun 100 Mbps ne.

Inda ka karya kanka shi ne tsallakawa daga 32 zuwa 64. Direban 32-bit ba ya taɓa hawa Windows 64-bit, ba wai wuya yake ba, ba ya yi ne kwata-kwata. Sannan tun zamanin Vista, 64-bit ba ya karɓar direban da ba shi da sa hannun dijital, in ka tura masa dole sai ya nuna maka Code 52. Kuma in faɗa maka gaskiya, da RAM 2GB ba abin da 64 ya ƙara maka, amfaninsa sai an kai 4GB zuwa sama, a ƙasa da haka ma ya fi cin RAM ɗin.

Maganar kaza da ƙwai ta intanet kuma mai sauƙi ce. Ka soka wayarka ta Android da kebul ɗin caji mai ɗaukar data, ka kunna USB tethering, wato raba datar wayar ta kebul, Windows 10 zai ganta a matsayin katin netwok ba tare da ka sa komai ba. Daga nan ka bar Windows Update ya duba, ka leƙa Optional updates wurin direbobi. In bai samo ba, na VIA ɗin ka nemi direban Rhine na Windows 7 ko Vista 64-bit, kada ka danna setup ɗinsa don yakan ce bai san wannan Windows ɗin ba ya rufe, ka warware fayil ɗin ka je Update driver, Browse my computer, ka nuna masa folda mai fayil ɗin inf. Sau da yawa haka yake hawa a hannuna.

3Com ɗin ne mai taurin kai. Kati ne mai kyau fa, a zamaninsa manyan ofisoshi ne ke sa shi, amma kamfanin tun 2010 HP ta saye shi, ba wanda yake zaune yana rubuta wa wannan katin sabon direba. In lallai Windows kake so a kanta, ka mayar da ita Windows 10 32-bit ka gwada direban zamanin XP, wani lokaci yakan karɓa. Abu ɗaya dai dan Allah, shafukan nan masu babban koren maɓalli da ke cewa za su sabunta maka duk direbobi, ka guje su, tarkacen talla za su cika maka inji.

Yar_Jekadafari:
Sallama. Yaya mai shago, ni da ni ce da ta ukun nan Linux zan sa mata in huta. Direbobin katunan nan uku duk suna cikin kanel ɗin, wato zuciyar Linux ɗin, tun tuni, 8139too na Realtek, via-rhine na VIA, 3c59x na 3Com, ba daunlodin ba CD, kana soka waya fitilar tana kamawa. Dalilin kuwa su a can direban a buɗe yake tare da kanel ake gyara shi, ko kamfanin ya rufe shago aikin bai tsaya a kansa ba. Ba sai ka goge komai ba ma, ka sa Linux Mint Xfce a filash ka tayar da injin daga kai ka gwada, in ka buɗe taminal, wurin rubuta umarni, ka rubuta lspci -nnk zai nuna maka lambobin nan da Injiniya ya sa ka nemo da sunan direban da ke riƙe da katin. Ko ba za ka zauna a kai ba hanya ce ta gane ko kati na da rai kafin a ce a jefar.

Kuma a tuna Windows 10 ɗin ma tallafinsa ya ƙare tun 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma yana neman TPM 2.0 da firosesa sababbi, Core 2 Duo ba ta cikin lissafi. Ko ba yau ba maganar nan za ta dawo.

Dan_Bolari:
Hajiya kin zo da Linux ɗinki kenan hhh. Yaran da suka biya kuɗi don su koyi Word da Excel da CorelDraw za a ajiye wa taminal? Ni dai har yanzu USB LAN.

Injiniyan_Tumfure:
Dan Bolari maganarka ba laifi amma da sharaɗi. Nan ma cip ne ke magana. Masu ASIX AX88772 ko Realtek RTL8152 suna aiki sosai, sai dai akwai 'yan arahar nan da aka rubuta 2.0 a kwali alhali cikinsu USB 1.1 ne, iyakarsu 12 Mbps a takarda, a aikace ko hakan ba sa kaiwa, tsohon katin nan na PCI ya ninka su wajen sau takwas. Ga shi a aji ne, abu yana lilo a bayan inji yaro ɗaya ya ja da ƙafa shi kenan. Ni in zan kashe kuɗi gara in koma wurin mai gyaran nan in ce ya tono min wani RTL8139 ko Intel a kwalinsa, a yi musanya da 3Com ɗin. Kawai a kula PCI da PCIe ba ɗaya ba ne, ramukan ma ba sa shiga juna, a duba madabod kafin a saya.

Mai_Shago_Pantami:
Alhamdulillah jama'a ga yadda aka ƙare. Tethering ya yi aiki, Windows Update bai samo komai ba, amma na VIA ya hau da direban 7 ta hanyar inf ɗin nan yadda Injiniya ya ce, sau biyu na yi don farko na ɗauko na 32 ban lura ba. Mai gyaran na je ban same shi ba an ce ya tafi Kumo ɗaurin aure, shi ne na bi shawarar Hajiya na gwada Mint a ta ukun, wallahi ko gama buɗewa bai yi ba fitilar suwic ta kawo. Na bar ta a haka zan mayar da ita ta rajistar onlayin da buɗe imel, tunda burauza kawai ake buƙata. Na sa alƙalamin maka na rubuta lambobin VEN da DEV a jikin kowane inji, direban VIA kuma na ajiye a filash biyu. Yanzu saura firinta, tana haɗe da inji na ɗaya, ita mai Mint ɗin ba ta ganinta a netwok. Hajiya in kina kusa.