Waƙoƙin Japan na lokacin kaka: me yaranku matasa suke ji?

Maman 'yan mata, Saitama

Assalamu alaikum. Shekararmu uku ke nan a Japan. Babbar 'yata shekarunta 14, tana aji biyu a ƙaramar sakandare. Tunda aka koma makaranta a farkon Satumba iyafis bai bar kunnenta ba. Da na tambaye ta me take ji sai ta ce, "Mama, waƙoƙin aki ne," wato na kaka. Japanancina bai wuce na kasuwa da na asibiti ba, baitocin sun fi ƙarfina. Ba hana ta nake son yi ba, so nake in san abin da ke shiga kunnenta. Don Allah waɗanda kaka ta riske su a nan da yara matasa, me kuka gani?

Mai sana'ar kayan mota, Chiba

Wa alaikumus salam, Hajiya. Ki fara tambayarta ko ajinsu na shirin gasar waƙar taro, gassho konkuru. Yawancin ƙananan sakandare a Oktoba ko Nuwamba suke yin ta. Kowane aji ya zaɓi waƙa ɗaya, a fitar da yaro guda ya buga piyano, wani kuma ya tsaya a gaba yana ba da hannu. Bara ɗana yana aji uku, wata guda cur yana fita kafin ƙarfe bakwai da rabi don atisaye. Har na fara zargin yawo yake zuwa.

Ajinsu sun ɗauki Tegami ta Angela Aki, wadda ta rubuta don gasar makarantu ta NHK, gidan rediyo da talabijin na ƙasar Japan, a 2008. Tegami na nufin wasiƙa. Yaro ɗan shekara 15 ne yake rubuta wa kansa na gaba wasiƙa, yana faɗin damuwar da ya kasa gaya wa kowa, sai babban ya amsa masa a baiti na biyu. A mota yaron ya fassara min muna dawowa daga yadin kayan mota, ya ƙara da cewa mahaifiyar mawaƙiyar Ba'amurkiya ce, don haka mawaƙiyar ma ta san zaman wanda ake kallo daban a aji. Ban taɓa jin ya yi irin wannan maganar ba sai ranar. Ranar gasar na rufe yadi na je zauren. Shi kaɗai ne baƙar fata a layin baya, ya fi kowa tsawo, bakinsa a buɗe yana rerawa da iya ƙarfinsa. Ba su ci ba, na biyu suka zo. Wallahi sai da na share ido da hular da ke hannuna.

Ɗalibin digiri na uku, Sendai

Hajiya, ni ta hanci na fara shiga waƙoƙin nan. Shekarata ta farko, ƙarshen Satumba, ina tuƙa keke zuwa jami'a sai wani ƙamshi mai zaƙi ya bugi hancina, na yi ta waige ina neman mai turare. Ashe wata bishiya ce, kinmokusei, mai ƙananan furanni ruwan lemo. Kwanaki kaɗan take yi furannin su zube. Ga Bajapane wannan ƙamshin kamar ƙamshin ƙasa ne a wurinmu ranar ruwan farko, da ya ji shi ya san lokaci ya juya.

Shi ya sa sunanta ya cika waƙoƙi. Yaran da nake koya wa Turanci da yamma sun fi ambaton Kinmokusei ta Orange Spiny Crab, wadda TikTok ya ɗaga a 2020. Ni kuwa wadda ta kama ni ita ce Akakiiro no Kinmokusei ta Fujifabric, ta 2004. Kiɗan yana ƙara sauri a hankali kamar mutum ya ɗaga ƙafa don kada duhu ya same shi a hanya. Wanda ya rubuta ta, Shimura Masahiko, ya rasu a Disamban 2009 yana da shekara 29. Wata waƙarsa ta ƙarshen lokacin zafi, Wakamono no Subete, har ta shiga littafin darasin kiɗa na babbar sakandare a 2022. Kin ga ke nan ba a waya kawai yaran suke tsintarsu ba.

'Yar babbar sakandare, Nagoya

Ina wuni, Anti. Shekaruna 17, a nan aka haife ni, ki yi haƙuri da Hausata. Gaskiya yawancinsu na soyayya ne, kada a ɓoye miki. Amma na kaka sun fi karkata ga rabuwa da kewa, ba na rawar kai ba ne. A bikin bunkasai, wato bikin al'adu na makarantarmu, bana 'yan kulob ɗin kiɗa sun yi Kaede ta Spitz. Kaede ita ce bishiyar da ganyenta ke komawa ja. Waƙar ta 1998 ce, ta girme mu duka, amma 'yan aji uku sun rungume juna suna kuka saboda wannan ne bikinsu na ƙarshe. Bayan shi sai karatun jarrabawar shiga jami'a har Janairu da Fabrairu.

Ni idan zan yi karatun dare Gunjo ta YOASOBI nake sakawa. Ta fito a Satumban 2020, kuma maganarta a kan tsoron bin abin da kake so ne alhali wasu sun fi ka iyawa.

Anti, idan kina son sanin ma'ana, ki rubuta sunan waƙar a intanet ki ƙara kalmar Japananci kashi, wato baitocin waƙa, za su fito. Amma ya fi daɗi ki ce ita ta fassara miki. Mamata haka take yi, muna wanke-wanke.

Malamin lissafi, Yamai

Ban taɓa zuwa Japan ba, ƙanwata ce ke koyon yaren a waya. Daga wurinta na ji Mikazuki ta Ayaka, wadda ta fito a Satumban 2006 lokacin mawaƙiyar tana da shekara 18. Ma'anar sunan jinjirin wata. Mutum biyu ne da nisa ya raba, kowa na duban wata ɗaya daga inda yake. Yayanmu yana aiki a Agadas, duk sabon wata sai ta tura masa ita.

Hajiya, Kano, tsohuwar mazauniyar Osaka

'Yar uwa, shekara tara na yi a can kafin mu dawo. Akwai wadda ban ga an ambata ba, don tsohuwa ce: Kosumosu ta Yamaguchi Momoe, ta 1977, Sada Masashi ne ya rubuta mata. Sunan wani fure ne mai siririn kara da ke cika filaye a Oktoba. Budurwa ce gobe za a kai ta gidan miji, tana zaune tare da mahaifiyarta a bakin baranda suna duba tsofaffin hotuna, uwar tana ta maimaita labari ɗaya, tana taya ta haɗa kaya.

Maƙwabciyata ce, wata dattijuwa, ta kunna min ita a kicin ɗinta tana gasa mana dankalin Hausa irin nasu mai jan bawo. 'Yata tana wurin, shekarunta 13, ta ce waƙar tsofaffi ce, ta koma kan wayarta. Bara muka aurar da ita. Daren da za a kai ta, gida cike da dangi, ta ja ni ɗaki ta rufe ƙofa ta sa min ita a waya. Ashe ta riƙe. Muka zauna a kan akwati muna kuka, gwaggonninta na buga ƙofa wai motoci sun iso. Don haka ki haɗa mata da tsofaffin ma, ko da ta yatsina fuska.

Mai sana'ar kayan mota, Chiba

Allah ya ba su zaman lafiya, Hajiya. Ita wannan a rediyon mota na sha jin ta, ban san abin da take cewa ba sai yau.

Maman 'yan mata, Saitama

Amin. Na gode muku ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Jiya bayan isha'i na tambaye ta zancen gasar, ashe saura mako biyu, kuma takardar gayyata ta kwana huɗu a jakarta. Ta ɗauka ba zan so zuwa ba tunda ba na jin yaren. Ajinsu YELL ta Ikimonogakari za su yi, ita tana cikin masu ƙaramar murya a gefen hagu. Ta ba ni iyafis ɗaya ta riƙe ɗaya, tana tsayar da waƙar layi-layi tana juya min da Hausa, inda Hausar ta ƙare mata ta cika da hannu. Na riga na nemi hutun ranar a wurin aiki. Yau da safe kuma na nemo bishiyar da ɗan uwanmu na Sendai ya faɗa, tana bayan wurin ajiye kekuna na gidanmu, furannin sun fara zuba a kan sirdin kekenta.