Kibod ɗin tablet yana maimaita harufa, a taimaka

Assalamu alaikum 'yan uwa masu gyara. Kibod ne na Bluetooth da ake haɗawa da tablet mai Android. Yana haɗuwa lafiya lau, amma da an ɗan jima ana rubutu sai harufan layin tsakiya su riƙa maimaita kansu, wani lokacin su ɗauke gaba ɗaya.

An goge haɗin an sake haɗawa, batirin yana ba da 4.1V a mitar auna lantarki, an kashe Wi-Fi na 2.4GHz don kada ya yi katsalandan, an wanke ƙarƙashin maɓallan da sifirit. A waya ma haka yake yi, ke nan laifin ba na tablet ba ne.

Ina zargin ribon ɗin ciki, wato siririn kebul ɗin nan mai faɗi, ya tsage a wurin lanƙwasa. Yaya ake gwada layukansa da mita ba tare da an ɓata soket ɗin ba?