Wace kalma za mu ba "calibration" kafin Asabar?

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Malamai, a agaza mini kafin Asabar. Zan yi wa yaran da ke koyon gyaran rediyo a shagon wani aminina darasi, kuma na yi musu alkawarin takarda da Hausa. Darasin a kan wata tsohuwar na'urar fitar da sigina ce, ƙirar Amurka ta shekarun 1970, wadda na tsinta cikin kayan gwanjo na yi wata huɗu ina farfaɗo da ita. Na sauya kafasitocin da suka bushe, na mayar da ita kan wuta bolt 230 daga 115, na sake wa wasu ƙafafu dalma. Da ta tashi sai na bar ta ta ɗumama awa guda, na sa ta fitar da megahaz 10 (haz shi ne yawan kaɗawar sigina a daƙiƙa ɗaya, megahaz kuwa haz miliyan ne), na kara da na wata 'yar na'ura mai karɓar lokaci daga tauraron GPS. Na tarar ta zarce da haz 40. Na sa siririyar sukudireba na murɗa ɗan sukurun da ke kusa da kiristal, wato ɗan dutsen da ke riƙe yawan kaɗawarta, a hankali har suka zo ɗaya. Wannan aikin shi Bature ke kira calibration. Mu me za mu ce?

Mai shago a Sabon Gari: Saiti. Ka yi mata saiti, shi ke nan. Ko yaron da ya zo shago jiya ya san shi.

Mai fassara: Ni "daidaitawa" nake sawa idan na ci karo da ita a aiki. Ba ta taɓa ba ni matsala ba.

Tsohon injiniya: 'Ya'yana, ku dakata. Aiki biyu yaron nan ya yi, kuna ba su suna ɗaya. Na farko, ya kara na'urarsa da wadda ta fi ta gaskiya, ya rubuta tazarar da ke tsakaninsu: haz 40. A nan calibration ya ƙare. Murɗa sukurun nan aiki ne na biyu, kuma sau da yawa ba a ma yin sa, rubuta kuskuren ake yi a liƙa a jikin na'ura, mai aiki ya riƙa cirewa. Kada kuma haz 40 ya yi muku ƙanƙanta. Kashi 4 ne cikin miliyan, idan ka hau megahaz 500 ya zama haz 2,000. Na yi shekaru da wata na'urar fitar da sigina, HP 8640B, wadda ke kaiwa megahaz 512, kuma ba yawan haz kaɗai muke dubawa ba, har ƙarfin abin da take fitarwa: in ta ce miliwat 1 a kan om 50, to mu ga milibolt 224 ko kusa da haka. Saiti da daidaitawa duk aiki na biyu suke nufi. Na farkon ne ba shi da suna.

Mai tambaya: Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Wallahi abin da ke damuna ke nan na kasa faɗa.

Malamin Hausa: To ga shawarata, kuma na daɗe ina ba da ita: mizantawa. Daga mizani. A mizanta na'ura, an mizanta ta, mizantacciya ce. Ta bi ƙa'idar da muke bi mu ce hukunci, hukunta, ko tsafta, tsaftace. Kalma ɗaya tak, tana karɓar kowane lokaci na aikatau. Saiti kuwa Turanci ne aka sa wa hula, bai kamata ya shiga takardar koyarwa ba. Ingausa ta ishe mu haka.

Mai shago a Sabon Gari: Malam, da girmanka, idan na ce wa yaro "je ka mizanta wancan" tsayawa zai yi yana kallona. Shekara 20 ina cewa saiti, aiki na tafiya.

Mai gyara daga Damagaram: Malam, mizani ai Larabci ne. Me ya sa aron Larabci ya zama Hausa, na Turanci ya zama Ingausa? Mu nan étalonnage na Faransanci muka koya a makaranta, ba mu ce sai kowa ya bi mu ba. Amma kullum haka ake yi: a zauna a Kano ko Zariya a yanke kalma, a ce ita ce daidaitacciya, mu sai dai mu ji a rediyo.

Malamin Hausa: Ɗan'uwa, ba Kano nake karewa ba. Mizani ya yi ɗaruruwan shekaru a bakinmu, yana cikin Suratur Rahman da kowane almajiri ke biyawa, daga Damagaram har Kumasi. Ba za a haɗa shi da kalmar da ta shigo shekaran jiya ba.

Mai gyara daga Damagaram: Rediyon ma shekaran jiya ta shigo, kuma rediyo kake ce mata.

Mai fassara: Don Allah mu dawo kan hanya, bawan Allah yana da kwana uku. Ni dai matsalata da mizantawa ita ce kunne zai kai ta ga misaltawa, a rediyo ba za a bambance ba.

Hajiya mai awon hatsi: Ku yi haƙuri, ni ba ma'abociyar na'ura ba ce, ƙanena ne ya nuna mini maganar. Amma abin da Baba ya bayyana mun san shi a kasuwa. Idan aka yi zargin an bubbuge gindin kwanon wata, ba hatsinta ake aunawa ba, kwanon ake aunawa. A kawo wanda kowa ya yarda da shi, a cika shi, a juye a nata, a ga abin da ya rage. Ma'aunin ne ake yi wa awo.

Tsohon injiniya: Hajiya ta gama magana. Awon ma'auni. Haka muke yi da tashar WWV ta Fort Collins a Amurka, mai watsa siginar da ake kara na'urori da ita a kan megahaz 5, 10 da 15, ranar da yanayi ya bari aka ji ta. Ka haɗa siginarta da taka a rediyo ɗaya, sai ka ji fito. Kana matsowa fiton na yin ƙasa, ya koma gurnani, ya koma kamar numfashi, sai tsit. Wannan tsit ɗin shi ne kwano ya cika daidai baki.

Mai fassara: Awon ma'auni ya zauna mini. A auna ma'auni, an auna ma'aunin. Sai dai na'urarsa ba aunawa take yi ba, fitarwa take yi.

Tsohon injiniya: Da ita ake auna rediyo, 'yata. Idan za ka gyara matakin kilohaz 455 na rediyo, abin da ta ce shi kake bi. Ma'auni ce.

Malamin Hausa: Kalma biyu ce inda ɗaya za ta wadatar, kuma ba ta ba da siffa. Me za ku ce da na'urar da aka gama yi wa? Ni ina da mizantacciya, ku fa? Amma Hausa ce tsantsa, ba zan yi jayayya da ita ba. Saitin nan ne dai ban yarda ba.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Ga abin da zan rubuta: awon ma'auni ga aikin karawa da rubuta tazara, saiti ga murɗa sukuru, tunda shi yaran suka sani. Malam, a yi mini afuwa, zan ambaci daidaitawa kusa da shi. Saura abu ɗaya: ita wadda ake karawa da ita, mai GPS ɗin, me zan kira ta?

Mai gyara daga Damagaram: Uwar ma'auni.

Malamin Hausa: Ma'auni namiji ne, ina ya samo uwa a nan? Wannan gurbin ko ba komai ku bar wa mizani.

Mai tambaya: Zan kai musu duka biyun ranar Asabar, in ji wanda bakinsu ya kama.