Kachalla a Kogin Haɗeja: Laifin Taki ne ko na Dam?

Malam Habu, Auyo: Assalamu alaikum jama'a. Ga maganar da ta raba kan masu noman rani a wajenmu. An kawo shawarar cewa duk wanda gonarsa ta taɓa kogi ko babbar magudana ya ja baya taku goma daga bakin ruwa, ya dasa jema ko gamba a wurin, sannan a daina watsa yuriya a cikin ruwa tsaye. Hujjar masu shawarar ita ce takinmu da ƙasar gonakinmu ne ke ciyar da kachalla, doguwar ciyawar nan da ke toshe hanyoyin ruwa, su ne kuma ke ɓata ruwan da mutanen ƙasa da mu ke sha. Ni dai na gamsu. Wasu kuma sun ce an ga talaka ne kawai. Kowa ya faɗi nasa.

Baba Ɗanjuma, Guri: Wa alaikumus salam. Habu, ban yarda ba ko kaɗan. Kafin a gama dam ɗin Tiga a 1974, kogin nan da damina yake cika ya malale fadamu, da rani kuma ya janye har yara su tsallaka shi da ƙafa. Kachalla ba ta jure wannan bushewar, shi ya sa ba ta wuce 'yan kududdufai ba. Da aka datse ruwa a Tiga, aka ƙara da na Challawa a 1992, sai ruwa ya koma tafiya kaɗan-kaɗan shekara zagaye. Babu ambaliyar da za ta wanke hanya, babu ranin da zai ƙone saiwa. Wannan ne ya kawo ta. Manomi bai gina dam ba, don me za a yanke masa gona?

Isa, Kura: Allah ya ƙara girma Baba. Kuma a ƙara da kamfanonin jima na Challawa da Sharaɗa. Wanda ya taɓa tsayawa a bakin rafin Salanta ya san launin ruwan da warinsa. Can zai gangara ya shiga kogin Challawa, ya haɗu da kogin Kano, ya wuce Wudil ya nufo ku. Amma in an tashi neman mai laifi sai a tsallake mai masana'anta a zo kan mai buhu biyu na taki.

Injiniya Bashir, Kano: Baba, ranka ya daɗe, tarihin da ka kawo haka yake, babu wanda ya san kogin nan da zai musa. Dam ne ya ba kachalla wurin zama. Sai dai wurin zama daban, abinci daban. Tana son ruwa marar zurfi, mai tafiya a hankali, da laka mai ƙarfin taki. Lakar nan daga gonaki take fitowa da kuma gaɓar da aka nome har bakin ruwa. Yuriya kashi 46 cikin ɗari nata naitirojin ne, kuma narkewa take nan take. Ka watsa ta a fangalin shinkafa mai ruwa tsaye, wani kaso ya bi iska, wani ya bi ruwan da za ka saki gobe zuwa magudana. Fosfarus na cikin NPK kuwa manne wa ƙasa yake yi, duk inda ƙasar ta zaizaye ta tafi, da shi take tafiya. Amfanin jema a nan yake: saiwarta tana nutsewa ƙasa sosai ta riƙe gaɓa, duhun ganyenta kuma ya rage wa ruwa gudu, lakar ta kwanta a gonarka maimakon ta je ta cike hanyar ruwan Marma da ke zuwa Nguru.

Isa, maganar masu jima ma gaskiya ce, amma cutarsu iri dabam ce. Nasu gishiri ne da sinadarin kuromiyam, guba ce ga kifi da mutum, kuma dole hukuma ta tilasta musu tace ruwansu. Wannan bai wanke mu daga namu ba.

Isa, Kura: Injiniya, kai albashi kake ci. Gonata ba ta kai rabin eka ba, kuma doguwa ce a kwance jikin magudana. Ka cire taku goma a tsawonta ka ga abin da ya rage. Wurin nan da kuke cewa a bar wa ciyawa shi ne ya fi ko'ina danshi, a nan nake samun tumatirin farko da ke biya mini kuɗin taki da na fetur. Wa zai biya ni wannan?

Hajiya Larai, Nguru: Isa ɗana, na ji ka, kuma tambayarka tana kan hanya. Amma bari ka ji daga mu da ruwan ke ƙarewa a wurinmu. Sana'ata bandar kifi ce. Masuntan da ke kawo mini karfasa da tarwaɗa yanzu sai sun sa adda sun sare hanya kafin kwale-kwale ya wuce, wuraren da ake jefa koma a da duk sun zama dajin kachalla. A cikinta jan baki ke kwana, da asuba ya tashi ya sauka a kan shinkafa da geron mutane. Ka ga ba masunta kaɗai abin ya ci ba, har manoma 'yan'uwanka.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wankin injin feshi. Da idona nake ganin yaro ya gama feshin ciyawa, ya zo bakin ruwa ya tsoma tankin, ya girgiza, ya juye, ruwan ya yi fari kamar an zuba madara, ga mata can gaba kaɗan suna cika jarka. Robar maganin ma a nan zai yar da ita. Wannan ba dam ba ne, ba kamfani ba ne, mu ne.

Baba Ɗanjuma, Guri: Wannan kam Hajiya babu mai kare shi. Amma tunda ana tone-tone, a faɗi na masunta ma. Dumba, wato jerin tarkon kifin da ake gitta wa hanyar ruwa daga gaɓa zuwa gaɓa, tana tare ciyawa da laka, a nan kachalla ke fara kafa ƙafa. Ga masu zuba gamale, maganin ƙwarin nan, a ruwa don kifi ya taso, alhali an daɗe da haramta shi.

Hajiya Larai, Nguru: Ban musa ba Baba. Ni kifin da aka kashe da magani ba ya hawa bandata.

Malama Hauwa, Gashuwa: Ina aikin lafiya a karkara, bari in sa baki ta ɓangarenmu. Ruwan da ya tsaya cikin kachalla gida ne ga ƙananan dodon koɗin da ke ɗauke da tsargiya, ga sauro kuma. Yaran da ke wanka da kamun kifi a wurin su ne ke zuwa mana da fitsarin jini. Muna ba su magani su warke, su koma ruwan, su dawo. Don haka ni ko kashi ɗaya cikin goma na kachallar nan takin gona ke ciyarwa, ina goyon bayan a rage. Sai dai in ƙara da abin da ba a ambata ba: bahaya da fitsari a bakin ruwa. Ta nan ƙwan tsargiya ke komawa kogi, kuma babu jemar da za ta tare wannan sai masai.

Malam Habu, Auyo: Ruwa dai ba ya tsami banza, kuma ga shi kowa ya nuna inda nasa tsamin ya fito. Baba, abin da ya sa na tsaya kan namu shi ne shi kaɗai ke hannunmu. Tun 2006 gwamnonin Kano, Jigawa, Yobe, Borno, Bauchi da Filato suka zauna a Damaturu da gwamnatin tarayya, aka kafa asusun kula da wannan kwarin. Ga kuma ACReSAL, shirin farfaɗo da ƙasar noma, da Bankin Duniya ya sa wa dala miliyan 700 don jihohin Arewa 19 da Abuja. Duk da haka kowace shekara mu ne ke fita gayya da lauje da adda, ruwa iya ƙirji, muna buɗe hanya. Wanda ya taɓa yi ya san in ka sare ta a saman ruwa, kafin wata ya zagayo ta tofo. Sai an yanke ta a ƙarƙashin ruwa, kututturen ya nutse ya rasa iska, sannan take mutuwa. Muna wannan wahalar a ƙasa, a sama kuma muna aiko mata da laka da taki. Ina amfanin haka?

Baba Ɗanjuma, Guri: Amfaninsa kaɗan ne, na yarda. Amma ka rubuta ka ajiye Habu: ko kowa ya dasa jema daga Tiga har Gashuwa, muddin masu dam ba su riƙa sakin ruwa mai ƙarfi da damina suna kuma rufewa na wani lokaci da rani don hanyoyin su bushe ba, kachalla tana nan. Kada a sa talaka ya yi asarar gona sannan a ce masa ai an gwada.

Injiniya Bashir, Kano: A kan sakin ruwa ina bayanka Baba, kuma ya kamata ƙungiyoyin masu amfani da ruwa su kai wannan buƙatar ga hukumar kogunan Haɗeja da Jama'are da murya ɗaya. Sai dai rufewa da rani yana nufin su Isa a Kura da Kadawa da su Malam Habu a Auyo za su rasa ruwa na wasu makonni, ga ruwan sha na birnin Kano da ake ɗiba a Tamburawa. Dole a zauna a tsara lokacin. Isa, game da gonarka: taku goma ba wahayi ba ne. A ƙaramar gona, layi biyu na jema da aka dasa kusa-kusa ba zai ci fiye da taku biyu ba, kuma yana tare laka sosai. Ana yankan ta a yi jinka da zana, gamba kuma dabbobi na ci. Taki kuwa ka rage ruwan fangali, ka raba takin kashi biyu ko uku, ka tura shi cikin laka. Wannan riba ce gare ka tun kafin ta zama riba ga Hajiya, don abin da ka saya da tsada zai tsaya a gindin shukarka.

Isa, Kura: Binne taki zan yi, dama asarar tana damuna. Wankin injin feshi ma zan hana yarana, a haƙa rami nesa da ruwa a riƙa juyewa a ciki. Taku biyu zan iya. Goma kam ban yarda ba sai in ƙungiya za ta rage mini kuɗin ruwa daidai abin da na bari, kuma a fara da masu manyan gonaki.

Hajiya Larai, Nguru: Allah ya yi maka albarka. A sa maganar dumba a takardar shawarar ma, ni zan kai ta wurin masuntanmu.

Malam Habu, Auyo: To, ranar Asabar bayan la'asar zan gabatar wa ƙungiya da shawarar haka: taku biyu ga ƙananan gonaki, goma ga wanda ya haura eka biyar, da batun rage kuɗin ruwa. Baba, wasiƙar sakin ruwan dam kai za ka faɗa a rubuta, don kai ka san yadda kogin yake tafiya kafin 1974. Injiniya, a ina za mu samu saiwar jema mai yawa kafin saukar damina?